Wanda aka sa wa robar numfashi: me yake ji, me za a iya yi masa?

Malam Habu, Gwaram: Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Tambayata ga masu aiki a ɗakin kulawa ta musamman ce, wanda mutanenmu ke ce wa gobe-da-nisa. Daga ƙananan asibitocinmu ake tura mutane Birnin Kudu, Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano a Kano: mai jijjigar haihuwa, wanda babur ya kayar, mai sarƙe-haƙora, wanda ya sha maganin feshi. Tambayoyin dangi kusan iri ɗaya ne kullum. Yana jin zafi? Yana jinmu? Don me aka hana shi ruwa? Don me aka ɗaure masa hannu? Ku buɗe mana abin, don mu riƙa shirya masu jinya tun kafin mota ta tashi.

Sista Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Bari in fara da ƙishirwa, don in ka tambayi waɗanda suka fito daga ɗakin, tana cikin abin da suka fi ambata, wani lokaci ma kafin ciwon da ya kai su. Dangi sukan ga ledar ƙarin ruwa tana ɗiga su ce ai ruwa na shiga. Ruwan jijiya ba ya jiƙa baki. Bakin yana buɗe dare da rana saboda robar da ta bi ta cikinsa, iskar oksijin busasshiya ce, wasu magunguna suna rage yawu, wani kuma da gangan ake rage masa ruwa saboda ƙoda ko zuciya. In lokacin hunturu ne leɓe har tsagewa yake yi ya yi jini.

Abin da ake yi: duk awa 2 zuwa 4 a tsoma auduga ko ƙyallen bandeji mai tsabta a ruwan sanyi, a matse, a goge harshe da dasashi da cikin kumatu. Ruwan sanyi ya fi mai ɗumi kashe ƙishi nesa ba kusa ba, ko da ɗan kaɗan ne. A goge haƙora da buroshi mai laushi sau biyu a rana, a zuƙe ruwan nan take. Leɓe a shafa masa jeli mai ruwa-ruwa. Basilin da mai ba a son su kusa da oksijin.

Hajiya Asabe, tsohuwar metiron: 'Yata Rabi, kin faɗi daidai, amma ki faɗa musu dalilin hana shan ruwan. In ba a faɗa ba, wata uwa za ta shigo da gora a cikin hijabi ta ɗura masa da zarar nas ta juya baya. Tausayi ne ke sa su, ba taurin kai ba.

Sista Rabi: Haka ne Mama. Robar tana bi ta tsakanin wurin da murya ke fita ta shiga bututun iska. Kusa da ƙarshenta akwai 'yar balan-balan da ake hurawa ta toshe gefe. Ba ta toshe ruwa gaba ɗaya. Mutumin kuma ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, ba ya iya tari mai ƙarfi. Ruwan da aka zuba a baki sai ya taru a saman balan-balan ɗin, ya riƙa silalewa cikin huhu. Ba lallai a gan shi yana ƙwarewa ba. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi, kaki ya canza launi, nimoniya ta kama. Shi ya sa ma ake ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, kada mai jinya ya kwantar da shi miƙe don wai ya huta.

Malam Habu, Gwaram: To ruwan zamzam da rubutu fa? Wannan ba abin da za a iya kauce masa ba ne a wurin mutanenmu.

Likita Nura: Malam Habu, ni ba na goyon bayan a kore su da faɗa. Zamzam a jiƙa auduga da shi a goge leɓe da goshi, babu matsala. In an riga an fara ba shi abinci ta robar hanci, a nemi nas ta zuba ɗan kaɗan ta nan, ita ta san ko an yarda ciki ya karɓi abu. Rubutu a shafa a goshi ko hannu, nesa da rauni da wurin da allura ta shiga jijiya. Ta baki kuwa, ko cokali ɗaya kada a ba shi. Turaren wuta da hayaƙi kam babu su sam: oksijin na ƙara wa wuta ƙarfi, hayaƙin kuma zai tayar wa kowa da ke ɗakin da tari.

Batun zafi. E, yana ji. Ko yana kwance shiru ba a taɓa shi ba, mai rauni ko wanda aka yi wa tiyata yana jin ciwo. Abin da ya fi tayar da shi kuwa ayyukanmu ne: juya shi, zuƙe kaki, wanke rauni, ɗiban jini daga jijiyar wuyan hannu, cire robar ƙirji. In yana farke sai mu ce ya nuna da yatsu daga 0 zuwa 10. In ba ya iyawa, abu huɗu ake dubawa: fuska, ko ya tamke goshi ya runtse ido ya cije robar; motsin jiki, ko yana kai hannu wurin ciwon; tsokar dantse, ko ta sandare in an lanƙwasa hannun; da kuma ko yana kokawa da injin numfashi. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimilla 8. In ya kai 3, a ba da maganin ciwo. Kada a dogara da bugun zuciya da hawan jini kaɗai, zazzaɓi da ƙarancin ruwa ma suna ɗaga su, wani kuma yana shan azaba lambobin suna nan lafiya lau.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga mutum yana fizge-fizge a ƙara masa maganin barci. Dayazifam da midazolam ba sa kashe ciwo. Za su kwantar da shi, ciwon yana nan, ya dai daina iya nunawa. Ciwo tukuna, barci daga baya.

Auwalu, kantin magani na asibiti: Ranka ya daɗe, in ƙara. Lokacin ba da maganin yana da muhimmanci kamar maganin kansa. Mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, ta jijiya a ba da ita minti 15 zuwa 20 kafin juyi ko wankin rauni, ba bayan an gama mutum yana hawaye ba. Farasitamol giram 1 duk awa 6 ga babba yana rage yawan mofin da za a buƙata, kada ya wuce giram 4 a rana, a rage wa wanda bai kai kilo 50 ba ko mai ciwon hanta. Kada a haɗa fentazosin da mofin, yana rage mata ƙarfi. Daikulofenak a yi hattara da shi ga wanda ƙodarsa ta fara gazawa, irin mai jijjiga da fitsarinta ya ragu ko wanda ya zubar da jini da yawa. Duk wanda ke kan mofin a fara masa maganin sassauta ciki tun ranar farko. Kwana huɗu babu bayan gida, ciki ya kumbura ya tokare numfashi, mutumin kuma ba shi da bakin faɗa.

Hajiya Asabe: Likita, ni nan ne ban gamsu ba. A da, wanda ke kan inji barci ake sa shi sosai har a cire. Bai san abin da ake ciki ba, bai ga komai ba. Yanzu kun ce a bar shi ido biyu da roba a maƙoshi. Ina rahama a nan?

Likita Nura: Mama, tambayar a kan hanya take. Matsalar ita ce barcin maganin ba barci ba ne. Da yawa suna farkawa da munanan mafarkai da suke ɗauka gaskiya ne, babu wani abu na zahiri da suke tunawa da zai ƙaryata su. Jiki kuma yana narkewa. A shekarar 2000 aka buga wani bincike daga Chicago a Amurka: waɗanda ake dakatar wa maganin barci sau ɗaya a rana har su farka sun yi kwana 4.9 a kan inji, waɗanda ba a dakatar wa ba sun yi 7.3. Kwana biyu da wani abu da roba a maƙoshi ba wasa ba ne. Ma'aunin nauyin barci da muke amfani da shi ya fara daga +4, mai faɗa, zuwa −5, wanda ko an girgiza shi ba ya motsi. Abin da ake nema ga yawancin mutane tsakanin 0 da −2 ne: a natse, in an kira sunansa ya buɗe ido.

Amma ba kowa ba. Mai sarƙe-haƙora, wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura bayan hatsari, mai farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, waɗannan barci mai nauyi magani ne gare su. Wanda kuma aka yi wa allurar kashe motsin tsoka, haramun ne a rage masa maganin barci da na ciwo kafin ta sake shi, don yana iya kasancewa a farke yana jin komai bai iya ko ƙifta ido.

Hajiya Asabe: Na ji wannan. Sai dai barin mutum a farke yana buƙatar nas a gefensa. Inda nas ɗaya ke riƙe da gado uku cikin dare, wa zai hana shi fizge robar? Ku riƙa faɗin wannan ma.

Likita Nura: Gaskiya ne, ba na musu. Shi ya sa ake yin dakatarwar da safe, lokacin da hannu ya fi yawa, kuma a tsaya a kansa. In numfashi ya wuce 35 a minti, ko oksijin na jini ya faɗi ƙasa da kashi 88 cikin ɗari, ko ya tayar da hankali, a mayar da maganin a rabin yadda yake a gwada gobe.

Malam Habu, Gwaram: Ɗaurin hannu fa? Shi ya fi ɓata wa dangi rai. Dattijo mai mutunci a gan shi a ɗaure.

Sista Rabi: Dalilinsa shi ne in ya fizge robar balan-balan ɗin na hure, yana iya ji wa maƙoshinsa ciwo, kuma in ba zai iya numfashi da kansa ba mintuna kaɗan ne. Amma ɗauri shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa yana ƙara haukata mutum. Kafin a kai ga nan a tambayi me ya sa yake fizga. Robar fitsari ta lanƙwashe mara ta cika? Oksijin ya ragu? Suga ya faɗi? Ciwo? Kashi ya ɓata shi yana jin kunya? Ana iya naɗe tafin hannun da bandeji ya zama dunƙule, hannu na motsi amma yatsu ba sa kama roba. In dole sai an ɗaure: ƙyalle mai laushi, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da fata, a ɗaura a jikin ƙarfen gadon ba a shingen gefe da ake ɗagawa da saukewa ba, a kwance duk awa 2 a duba launin yatsu a motsa hannun. In mai jinya yana zaune yana riƙe da hannun, a nemi izinin nas a kwance na wannan lokacin.

Abin da nake so ku faɗa wa dangi tun daga gida: ba ya iya magana ne saboda iska ba ta bi ta wurin murya, ba wai ya kurumce ko hankalinsa ya gushe ba. Shi kansa a faɗa masa haka, sau da yawa, don wasu suna ɗauka muryar ta tafi ke nan har abada. Yadda ake hira da shi: a tsaya inda zai ga fuska, a yi alƙawarin alama, ƙifta ido ɗaya e, biyu a'a, ko matse hannu. Tambaya ɗaya, a jira. Kada a ce "zafi kake ji ko ƙishi ko sanyi?" ba zai iya amsawa ba. A bi su ɗaya-ɗaya: ciwo? a ina, kai, ƙirji, ciki, baya? ƙishi? juyi? kaki? sanyi? salla? wani kake son gani? In yana iya riƙe biro a ba shi takarda a kan allo. A tambayi dangi ko boko yake rubutawa ko ajami, dattawa da yawa da ake cewa ba su iya rubutu ba za su rubuta maka buƙatarsu tsaf da ajami.

Malam Sabi'u, sashen gashin ƙashi: Sista, ki yi musu bayanin zuƙe kaki, don masu jinya da suka gani sukan fita da kuka.

Sista Rabi: Abin da wuya, ba za a ɓoye ba. Ana zura siririyar roba cikin babbar, a zuƙo kakin, a wannan ɗan lokacin iskarsa ma ake zuƙewa. Ji yake kamar an shaƙe shi, ya yi tari, ido ya kawo ruwa, fuska ta yi ja. In ba a yi ba kakin ya toshe robar. Rage wahalar: a yi shi in an ji ƙarar kaki ko an ga alama, ba don agogo ya buga ba. A ƙara oksijin kafin a fara. Siririyar kada ta wuce rabin faɗin babbar. Kowace shiga kada ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar shi ya huta kafin a sake. Kuma a faɗa masa: "Baba, zan cire maka kaki, za ka yi tari, zan ƙirga zuwa goma in fito." A ƙirga da ƙarfi. Mutum yana iya jure abin da ya san ƙarshensa. Wanda aka auka wa babu sallama, shi ne gobe in ya ga nas ta nufo shi zai fara kokawa.

Likita Nura: Mu zo kan ruɗewa, don ita ce ke sa a fara zancen iska da sammu a bakin ƙofa. Mutum ya ga macizai a silin, ya ce nas na son kashe shi, ya kasa gane matarsa, da safe ya dawo daidai, da magariba ya sake rikicewa. Ƙwaƙwalwa ce ta jigata saboda cuta, magani, rashin barci da ƙarancin oksijin. Ta fi kama tsofaffi da waɗanda ke kan inji. Akwai mai tayar da hankali, kowa na ganinta. Akwai kuma ta shiru, mutum ya zuba wa bango ido ana yabonsa da haƙuri, alhali a firgice yake. Ita ce ake yawan rasa ganewa.

Dangi suna da aiki biyu a nan. Na farko su faɗa wa likita gaskiya a keɓe: yana shan sigari? tiramol? kodin? giya? maganin barci kullum? Yanke su farat ɗaya yana kawo rawar jiki, gumi da ruɗewa, kuma akwai abin da za mu yi in mun sani. Na biyu, duk shigowa a maimaita masa: sunan mai magana, inda yake, ranar mako, lokaci, dalilin zuwansa. "Baba, ni ce Ladi. Kana asibiti a Kano. Yau Talata, an yi la'asar. Hatsari ka yi, ana yi maka magani. Gida lafiya, an kai gero rumbu." Kada a yi masa gardama kan abin da yake gani, kada kuma a gaskata shi. A ce, "Na san kana ganinsu, ni ba na gani, ina nan tare da kai." In yana sa tabarau a kawo masa.

Mu ma'aikata kuma mu daina Turanci a kan mutum kamar ba ya nan. Bafulatanin da ya farka ya ji baƙin murya cikin yaren da bai sani ba, fuskoki a rufe, hannunsa a ɗaure, me zai ɗauka?

Malam Ɗahiru, limami: Allah ya saka da alheri. Abin da ke ci wa da yawa tuwo a ƙwarya shi ne salla, musamman ga robar fitsari a jiki. A kwantar musu da hankali. Hadisin Imrana ɗan Husaini a cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Wanda ke kwance ya yi da nuni. In alwala ba ta yiwuwa a yi taimama. Fitsarin da ke zuba ta roba ba da ikonsa ba uzuri ne. A mazhabar Malikiyya, wanda ya suma har lokacin salla ya fita babu ramuwa a kansa. Masu jinya su riƙa faɗa masa shigar kowane lokaci, don wannan ne agogon da ya sani.

Sista Rabi: Allah ya gafarta Malam, dutsen taimama ƙarami mai santsi a kawo, a wanke a shanya, a ajiye cikin leda. Ƙasa ko yashi kada a shigo da su. Carbi in an bari, a sa masa a hannun da babu allura. Yawanci in ka lura da masu natsuwa a ɗakin nan za ka ga babban yatsa yana bin gaɓoɓi, tasbihi suke yi, wasu har suna daidaita shi da numfashin injin, kuma yana rage musu kokawa da shi. Karatun Alƙur'ani a waya a sa a hankali kusa da kunne, minti 20 ko 30, a tambaye shi ko yana so, a kashe. Kada a bar shi yana yi dare da rana, kunne ma yana son hutu. Ban da mai sarƙe-haƙora: shi ƙara, haske da taɓawa suna tayar masa da sandarewa, shiru da duhu ake nema masa, addu'a a yi ta a zuci.

Hajiya Asabe: Sutura. Kada wanda ya manta da ita. Mace da ta farka ta ga ƙirjinta a buɗe ga wayoyi, maza na wucewa, wannan ya fi mata ciwon. A ja labule, a buɗe inda ake aiki kawai, a rufa mata kai da ɗankwali. Wanka da gyaran ƙasa mace ta yi wa mace in akwai hali. Sannan sanyin na'urar ɗaki: mutumin ƙauye bai saba ba, a taɓa ƙafa, in ta yi sanyi kuma babu zazzaɓi a ƙara bargo ko safa.

Malam Sabi'u: Nawa ɓangaren kwanciya ne. Juyi duk awa 2: gefen dama, baya, gefen hagu. Ba a kifa shi kan ƙashin ƙugu, a karkata shi kamar digiri 30 a tokare baya da matashi, wani matashin tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba. Ɗaga shi ake yi da zanin gado, mutum biyu ko uku, ɗaya na riƙe da kai da robar. In aka ja shi fata ce ke saluɓewa. Wuraren dubawa: tsatso, diddige, ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, bayan kunne inda igiyar oksijin ke bi, da kusurwar baki, shi ya sa ake mayar da robar daga wannan gefe zuwa wancan. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba. A nemi wurin da ya fi duhu, ya fi zafi ko ya yi tauri. In an same shi kada a murza, murza na ƙara kashe naman. A ɗauke masa nauyi kawai. Gammo ko zoben roba a ƙarƙashin gindi ba a so, yana tsuke jini a kewaye. Zanin gado a miƙe shi, jiƙaƙƙe a canza nan take, ledar gado kada ta taɓa fata kai tsaye.

Motsa gaɓoɓi kuma tun da wuri: kafaɗa, gwiwar hannu, yatsu, gwiwa, idon sawu, kowanne sau 5 zuwa 10, sau biyu a rana, a hankali. Wannan mai jinya zai iya in an nuna masa an kuma faɗa masa gaɓar da ba a taɓawa. Tafin ƙafa a tokare shi a tsaye, in ba haka ba ya saki ƙasa ya ƙage, tafiya ta zama aiki. Tsoka tana zubewa tun makon farko, manomi ƙaƙƙarfa ya tashi bai iya ɗaga kofi.

Auwalu: Barci fa? Dangi kan ce a ba shi ƙwaya ya samu ya runtsa.

Sista Rabi: Kafin ƙwaya a gyara ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta so ƙarar ɗakin marasa lafiya cikin dare kada ta wuce desibel 30, ɗakunan nan kuwa sukan haura 50: ƙararrawar na'urori, wayoyi, hirar ma'aikata, jan ƙarfen gado. A rage fitila daga ƙarfe 10, a buɗe labulen taga da safe ya ga rana. A haɗa ayyuka wuri ɗaya, juyi da magani da awo, don ya samu awa biyu a jere. Wankan ƙarfe huɗu na asuba don a sauƙaƙa wa masu karɓar aiki a daina. Abin toshe kunne da na rufe ido suna taimakon wanda ya yarda da su. Mai ruɗewa kada a rufe masa ido. A kuma faɗa wa mara lafiya da dangi cewa yawancin ƙarar na'ura waya ce ta zame ko ruwa ya ƙare, ba rai ne ke fita ba. In wuta ta ɗauke, injin numfashi yana da batir, akwai kuma jakar hura iska ta hannu a gefen gado.

Malam Habu, Gwaram: Na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya, don ita ce ke dawowa hannunmu. An cire roba, ko an sallamo shi gida. Me za mu sa wa ido?

Malam Sabi'u: Rauni na iya ɗaukar watanni. A zaunar da shi bakin gado, ya tsaya da taimako, taku kaɗan a tsakar gida ana ƙarawa kullum. Kada a bar shi a tabarma wai sai ya yi ƙarfi, kwanciyar ce ke hana ƙarfin. Ƙwai, wake, nono, kifi, gyaɗa, in likita bai hana ba saboda ƙoda.

Likita Nura: Ku tambaye shi barci da mafarki, don ba zai faɗa da kansa ba, tsoron a ce ya taɓu. Firgita, mantuwa, saurin fushi, ƙin jin ƙarar waya, duk suna biyo bayan zaman ɗakin. Abin da ke taimakawa shi ne a ba shi labarin kwanakin da suka ɓace masa a jere. A Denmak tun shekarun 1980 nas-nas suka fara rubuta wa marasa lafiya littafin kullum don haka. Mai jinya ya sayi littafi ɗan ƙarami ya riƙa rubuta layi biyu-uku: yau an yi kaza, wane ya zo, ka buɗe ido. In bayan wata ɗaya firgitar ba ta raguwa, ko ya daina cin abinci da shiga mutane, ku turo shi. Haka in numfashi ya fara fita da ƙara kamar usur makonni bayan cire roba, bututun iska ne ke iya tsukewa, kada a ɗauke shi asma.

Hajiya Asabe: Rabi, faɗa musu ruwan farko, don nan ake gaggawa.

Sista Rabi: Maƙoshi zai yi ciwo, murya ta dushe kwana kaɗan, haɗiya kuma ba ta dawowa nan take, musamman ga wanda robar ta wuce kwana biyu a jikinsa. Sai likita ya ba da izini. A zaunar da shi tsaf, a tabbata a farke yake sosai, a goge baki tukuna. Ƙaramin cokali ɗaya na ruwa, mil 5. A sa ido a maƙogwaro ya hau ya sauka, a ce ya yi magana. In ya yi tari, ko murya ta fito a jiƙe kamar mai kurkure, ko numfashi ya canza, a tsaya a kira nas. In lafiya, a sake sau biyu, sannan kurɓi daga kofi shi da hannunsa. Ba a ɗura masa da buta ko gora, ba a ba shi yana kwance. Kunu mai ɗan kauri da aka tace ya fi ruwa sauƙin haɗiya ga wasu, fura mai gudaji da nama kuwa sai daga baya. Bayan ya ci ya zauna minti 30 kafin a kwantar da shi.